Fashin Baƙi: Aksai Chin, faƙon da Indiya da Sin suka kasa shata wa iyaka

Me ke cikin Aksai Chin da har ƙasashe biyu masu makaman nukiliya, kowacce da mutum sama da biliyan 1.4, suka shafe fiye da shekara 60 suna ja-in-ja a kansa? Tambayar kan taso duk sanda aka ji sojojin Indiya da na Sin sun yi cirko-cirko a Ladakh, ko Beijing ta fitar da taswira New Delhi ta ce ba ta san zancen ba. Haka aka yi a watan Agustan 2023, haka kuma a farkon 2025 bayan Sin ta sanar da kafa sabbin gundumomi biyu, He'an da Hekang, waɗanda suka ci wani ɓangare na yankin. Wasu kan ce ma'adinai ake nema, wasu su ce ruwa, wasu kuma su cusa zancen cikin rikicin Kashmir na Indiya da Pakistan su wuce. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Sai an duba yadda ƙasar ke shimfiɗe, inda ruwanta ke gangarawa da ta inda ake iya hawanta, sannan za a gane yadda aka yi Sin ce ke riƙe da wurin, da dalilin da ya sa ba a tsakiyar faƙon ake faɗan ba.

Ina ne wurin, kuma yaya yake?

Aksai Chin fili ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 38,000, wato ya kusa girman jihar Zamfara, a ƙuryar arewa maso yammacin tudun Tibet. Sin tana gudanar da mafi yawansa ƙarƙashin lardin Hotan na Xinjiang (yankin arewa maso yammacin Sin), ɗan yankin kudu kuma ƙarƙashin gundumar Rutog ta Tibet. Indiya tana saka shi ɗungurungum a taswirarta a matsayin gabashin Ladakh, yankin da ta cire daga jihar Jammu da Kashmir a 2019 ta mayar hannun gwamnatin tarayya.

Wanda ya ji an ce kan iyakar Indiya da Sin, abin da zai faɗo masa shi ne tsaunuka masu tsini lulluɓe da ƙanƙara. Akwai su, amma a gefe suke. Ta yamma da kudu maso yamma jerin tsaunukan Karakoram ne, ta arewa da arewa maso gabas kuma jerin Kunlun. Abin da ke tsakaninsu shimfiɗaɗɗen faƙo ne na tsakuwa, yashi, gishiri da kanwa, inda mota za ta yi nisa ba ta haɗu da hawa ko gangaren kirki ba. Sai dai shi kansa faƙon a sama yake. Galibinsa yana kusa da mita 5,000 sama da teku, kuma wuri mafi ƙasa, a kwarin kogin Karakash, ya kai kusan mita 4,300. Wani jerin duwatsu da ake kira Lokzhung ko Laktsang ya ratsa shi ya raba shi biyu: filin Lingzi Tang ta kudu, da ainihin Aksai Chin mai filayen kanwa ta arewa.

Tsaunukan Himalaya da ake yawan ambata ba su ma taɓa yankin ba. Suna can kudu, bayan tsaunukan Ladakh, kwarin kogin Indus da tsaunukan Zanskar. Amma su ne suka mai da shi hamada, domin hadarin daminar Indiya a jikinsu yake zubar da ruwansa, ɗan abin da ya tsallake kuma sauran duwatsun su tare shi. Garin Leh, babban birnin Ladakh, wanda ke kan mita 3,500, ruwan da yake samu a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba. Aksai Chin ya fi Leh tsayi da bushewa. Ko dusar ƙanƙara ba ta taruwa sosai, iska ke share ta. Da hunturu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 30 ƙarƙashin sifiri.

Ba gari, ba gona. Akwai barewar Tibet, jakin jeji da ake kira kiang, da yak na daji (wani irin shanu masu yawan gashi), sai wani ɗan tsiro mai suna burtse da matafiya kan tono saiwarsa su hura wuta. Masu kwana a can yau sojoji ne da ma'aikatan hanya a tashoshi irin Tianshuihai. Firaminista Jawaharlal Nehru ya taɓa gaya wa majalisar Indiya cewa ko tsinken ciyawa ba ya fita a wurin. Ana ba da labarin cewa ɗan majalisa Mahavir Tyagi ya nuna sanƙon kansa ya ce nan ma ba abin da ke fita, ko a miƙa wa wani ke nan?

Layuka biyu da wani yanki da ake cakuɗawa

Layin da ya raba sojojin Indiya da na Sin shi ake taƙaitawa da LAC, ma'ana layin da ikon kowa ya tsaya a zahiri. Daban yake da layin tsagaita wuta na Kashmir tsakanin Indiya da Pakistan, wanda hafsoshin ƙasashen biyu suka zana a taswira suka sa hannu a 1972. Shi LAC ba a taɓa zana shi a taswirar da ɓangarorin biyu suka amince da ita ba. Ko tsawonsa ba a daidaita ba: Indiya na cewa kilomita 3,488, Sin na cewa kusan 2,000. An gwada musayar taswirar ɓangaren yamma a 2002, abin ya watse.

Arunachal Pradesh kuma, wadda Sin ke kira Kudancin Tibet, tana can gabas mai nisa, ƙasa ce mai dazuzzuka da garuruwa, kuma Indiya ce ke riƙe da ita. Takaddama ɗaya ce mai kai biyu, amma ƙasa iri biyu.

Ruwan da ya rabu uku

Ƙa'idar da aka saba bi wajen shata iyaka a cikin tsaunuka ita ce mararrabar ruwa: a bi doron dutsen da ya raba ruwan da ke gangarawa wannan gefe da wanda ke gangarawa wancan. Dabarar tana aiki idan doron ɗaya ne. A Aksai Chin ruwa hanya uku yake bi.

Ta yamma, ƙananan koguna irin Chip Chap, Galwan da Chang Chenmo suna faɗawa kogin Shyok, shi kuma ya kai wa Indus, har Pakistan da Tekun Arabiya. Ta arewa, kogin Karakash yana tasowa daga yammacin yankin, ya miƙe arewa, ya keta tsaunukan Kunlun ya fita wajen birnin Hotan, daga baya ya haɗu da kogin Yurungkash a cikin hamadar Taklamakan. A tsakiya da gabas kuwa ruwan ba ya zuwa ko'ina. Ƙanƙarar da ta narke takan gangara cikin tafkuna marasa mafita, irin tafkin Aksai Chin, Sarigh Jilganang da Tso Tang, rana da iska su busar da ruwan, gishiri da kanwa su zauna.

To wane doro za a bi? In aka ɗauki iyakar ruwan Indus, layin zai faɗo a gefen yamma, kusan duk faƙon ya tafi Sin. Indiya na cewa Kunlun ne iyakar gargajiya, amma Kunlun bai raba ruwa a wannan wurin ba, tunda Karakash ya ratsa shi ya wuce. Ita ma Sin ba ta tsaya kan mararrabar ba: layin da ta gabatar a 1960 ya zarce yamma ya yanki Chip Chap da Galwan, ya haɗiye sassan da ruwansu na Indus ne. Kowane ɓangare kan ɗauko hujjar ruwa inda ta yi masa daɗi, ya ajiye ta inda ta juya masa baya.

Wannan kuma ya isa ya rage ƙarfin zancen cewa ruwa ake yi wa faɗa. Tafkunan gishirin ba sa shayar da kowa. Indus yana tasowa ne can kudu kusa da dutsen Kailash a Tibet, ya shigo Ladakh ta wajen Demchok. Babban tushen Shyok kuwa, daskararriyar ƙanƙarar Rimo, yana hannun Indiya.

Layukan da Turawan Ingila suka bari

Yarjejeniyar 1842 tsakanin sarakunan Dogra na Jammu da hukumomin Tibet ta ce kowa ya mutunta tsohuwar iyaka, ba ta faɗi inda take ba. A wuraren da ake kiwo ko karɓar haraji mutane sun san iyakar. A faƙon da ba kowa, ba wanda ya taɓa buƙatar saninta.

A 1865 wani safiyo na hukumar auna ƙasa ta Indiya, W. H. Johnson, ya ratsa yankin har Hotan, a lokacin da Xinjiang ta ɓalle daga hannun daular Qing mai mulkin Sin. Taswirarsa ta kai iyakar masarautar Kashmir har Kunlun. Daga baya Johnson ya bar aikin gwamnati ya koma yi wa Maharajan Kashmir aiki, har ya zama hakimin Ladakh, abin da masu sukar layinsa ba sa mantawa da shi. A 1897 shugaban leƙen asirin sojan Birtaniya, Sir John Ardagh, ya goyi bayan layi mai kama da wannan, don tsoron kada Rasha ta gangaro. Shi ya sa ake haɗa sunayensu a ce layin Johnson da Ardagh, kuma kusan a kansa da'awar Indiya ta yau ta tsaya.

Shekara biyu bayan haka, a 1899, jakadan Birtaniya a Beijing, Sir Claude MacDonald, ya miƙa wa gwamnatin Qing wani layi dabam, wanda George Macartney, wakilinsu a Kashgar, ya ba da shawararsa. Wannan ya bi duwatsun Laktsang ɗin nan da suka raba faƙon biyu: Lingzi Tang ga Indiya, ainihin Aksai Chin ga Sin. Shi ne kaɗai layin da aka taɓa miƙa wa Sin a hukumance, kuma ba ta ba da amsa ba. Daga nan Turawan suka riƙa sauya layi gwargwadon yadda tsoron Rasha ya hau ko ya sauka, har suka tafi a 1947 ba su kafa dutsen iyaka ko ɗaya a faƙon ba. Taswirorin Indiya na farkon 'yanci sun nuna wurin a matsayin iyakar da ba a tantance ba. A 1954 Nehru ya ba da umarni a buga sababbi da cikakken layi, Aksai Chin a ciki.

Ƙofar da ta buɗe ta gefe ɗaya

Daga Leh zuwa faƙon ba a tafiya kai tsaye. Sai an tsallake tsaunukan Ladakh ta mashigi irin Chang La mai tsayin sama da mita 5,300, a gangara kwarin Shyok, sannan a sake hawa ta kwazazzabai masu ƙunci. Fataken da ke safara tsakanin Leh da Yarkand, har da alhazan Xinjiang da kan biyo ta nan su nufi tashar jirgin ruwa ta Bombay, gefen yamma suke bi, ta mashigin Karakoram mai mita 5,540. Da hunturu ayari kan bi cikin Shyok saboda ruwan ya ja baya ya daskare. Da bazara, in ƙanƙara ta narke kogin ya cika, sai a zagaya ta mashigin Saser La. A wajajen 1870 Turawa sun yi ƙoƙarin karkatar da fatake su bi ta Chang Chenmo su ratsa Lingzi Tang, har aka yafe haraji a hanyar. Fatake suka gwada suka bari: ba ciyawar dabbobi, ba itace, ruwan ma na kanwa.

Daga gefen Sin lissafin ya sha bamban. Hawa daga Xinjiang yana da wuya, amma da an hau, faƙon ya zarce har cikin yammacin Tibet ba abin da ya tare shi, kuma ƙarancin dusar ƙanƙara na barin hanya a buɗe mafi yawan shekara. Karakoram da Kunlun sun bar wani lungu a tsakaninsu, wanda shi ne hanya mafi sauƙi da mota za ta bi daga Xinjiang zuwa Tibet. Bayan sojan Sin sun shiga Tibet a 1950, kuma tawaye ya ɓarke a yankin Kham inda hanyoyin gabas suka bi, wannan lungu ya zama abin da Beijing ba za ta sake ba. Ta gina hanyar mota daga Yecheng a Xinjiang, wadda aka kammala a 1957, yau ana kiranta G219. Kusan kilomita 180 nata sun ratsa ƙasar da Indiya ke cewa tata ce. Ta bi ta Mazar, Shahidulla, Kangxiwar, Dahongliutan da Tianshuihai ta faɗa Rutog. An gama shimfiɗa mata kwalta a 2013.

Indiya ba ta tabbatar da hanyar ba sai da jaridun Sin suka yi shelar kammala ta. A 1958 ta tura 'yan sintiri ƙungiya biyu su gano, Sin ta tsare ƙungiya ɗaya. A ce an yi shekaru ana aikin hanya a wuri ba ka sani ba, wannan kaɗai ya nuna wanda ƙasar ta buɗe wa ƙofa, ko da kuwa bai nuna wanda ke da gaskiya a shari'a ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ranar 21 ga Oktoban 1959 aka kashe 'yan sandan Indiya 10 a kusa da mashigin Kongka. A Afrilun 1960 Firaminista Zhou Enlai ya je New Delhi, inda aka fahimci Sin za ta iya haƙura da gabas in Indiya ta haƙura da Aksai Chin, Nehru bai karɓa ba. Indiya ta shiga kafa ƙananan sansanoni a gaba, waɗanda galibi ta jirgin sama ake jefa musu abinci. Yaƙi ya ɓarke ranar 20 ga Oktoban 1962, Sin ta tsagaita wuta ranar 21 ga Nuwamba. A gabas ta janye ta koma baya. A yamma, inda hanyarta take, ba ta janye daga faƙon ba.

Abin da tsayi ke yi wa mutum da inji

A mita 5,000 nauyin iska kusan rabin na bakin teku ne, don haka kowane numfashi rabin oksijin yake kawowa. Wanda aka ɗauko daga ƙasa aka dire a can zai fara da ciwon kai, amai da rashin barci. In abin ya yi tsanani ruwa kan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma maganin farko shi ne a sauko da shi nan take. Ba sabon abu ba ne: Sultan Said Khan na Yarkand ciwon tsayi ne ya kashe shi a 1533 a wannan hanya, yana komawa gida daga yaƙin Ladakh.

Shi ya sa sojan Indiya ke hawa daki-daki: kwana 6 a tsakanin mita 2,700 da 3,600, kwana 4 a tsakanin 3,600 da 4,500, sannan wasu kwana 4 a sama da haka, jimilla mako biyu kafin soja ya fara aiki sosai. Wanda ya sauka ya daɗe, in ya dawo sai ya sake daga farko. Ma'anar wannan ita ce ba a kawo ɗauki cikin gaggawa. Ɓangaren da mutanensa suka riga suka zauna a saman tudu ya ci rabin wasa.

Inji ma numfashi yake yi. Wanda ba shi da turbo kan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, kafin a kai faƙon ya rasa kusan rabi. Man dizal na yau da kullum kan yi kauri ya toshe matata, sai an kawo na musamman na hunturu, kuma akan riƙa tayar da injin tankoki cikin dare don kada su sandare. Batir kan mutu da wuri. Jirgi mai saukar ungulu ba ya iya ɗaukar cikakken kaya saboda iskar ba ta da kaurin da fukafukansa za su kama. Ruwa na tafasa a wajen digiri 83, ba 100 ba, don haka shinkafa da wake ba sa nuna sai a tukunya mai murfin matsi.

Aikin hanya kuwa 'yan watannin bazara kaɗai ake yinsa, domin siminti ba ya kamawa in ruwan cikinsa ya daskare. Ƙarƙashin faƙon ƙasa a daskare take duk shekara, samanta kaɗai ke narkewa. Baƙar kwalta na zuƙar zafin rana ta narkar da abin da ke ƙarƙashinta, hanya ta lotsa ta tsage, shi ya sa akan ɗaga ta kan tulin fasassun duwatsu don iska ta riƙa ratsawa. A gefen Indiya ga ƙarin matsala: manyan hanyoyin da ke kai wa Leh, ta Srinagar da mashigin Zoji La da kuma ta Manali, dusar ƙanƙara kan rufe su na tsawon watanni. Dole a jibge man fetur, kananzir, abinci da harsasai na hunturu tun kafin a rufe.

Me ya sa a bakin faƙon ake faɗa?

Indiya ba ta da soja ko ɗaya a tsakiyar Aksai Chin tun 1962. Duk arangamar da ake ji tana faruwa ne a gefen yamma, inda faƙon ya karye ya zama kwaruruka masu gangarawa Shyok. Kowane kwari ƙofa ce: Sin na ganin ta nan za a iya hawowa a kai ga G219, Indiya na ganin ta nan za a iya saukowa a datse mata hanya.

Hanyar da Indiya ke tsoron a datse ita ce wadda ta tashi daga Darbuk ta bi gaɓar Shyok har Daulat Beg Oldi, kilomita 255, da aka kammala a 2019. Tun farko an shimfiɗa wasu sassanta a cikin kwarin kogin, ambaliyar bazara ta riƙa cinye su, sai da aka sake ɗaga ta jikin dutse. A ƙarshenta akwai filin saukar jirgi na turɓaya a sama da mita 5,000, ƙasa da kilomita 20 daga mashigin Karakoram, inda jirgin dakon kaya C-130J ya sauka a 2013.

Kudu da nan filin Depsang yake, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da tankokin yaƙi ke iya yawo. Sin na shigowa cikinsa ta kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. 'Yan sintirin Indiya kuwa, in za su je wuraren sintiri masu lamba 10 zuwa 13, sai sun bi ta wani ƙuntataccen kwari a Raki Nala inda hanyar ta rabu biyu. Mutum kaɗan suka isa su toshe shi. A nan sojan Sin suka kafa tantuna na kusan mako uku a 2013, a nan kuma suka tare hanya daga 2020.

Galwan kwazazzabo ne mai ƙunci, sunansa daga Ghulam Rasul Galwan, wani Musulmi ɗan Leh mai yi wa ayari jagora. Duwatsun bakinsa suna kallon hanyar Shyok. Daren 15 ga Yunin 2020 aka gwabza a can da sanduna da duwatsu, saboda yarjejeniyar 1996 ta hana harbi a cikin kilomita 2 daga layin. Indiya ta rasa soja 20, cikinsu har da Kanar Santosh Babu, kuma rundunarta ta ce 17 daga ciki raunuka ne haɗe da tsananin sanyi suka ƙarasa su. Sin ta amsa mutuwar nata 4 a Fabrairun 2021.

Can kudu kuma tafkin Pangong ne, mai tsawon kusan kilomita 134, wanda kusan kashi biyu cikin uku nasa ke hannun Sin. Duwatsu takwas sun miƙo cikin ruwan ta gaɓar arewa, sojoji na kiransu yatsu. Indiya na cewa layin yana yatsa na 8, Sin na cewa yana wajen na 4. Sin tana da hanyar mota har kusa da na 4, su kuwa sojan Indiya daga nan sai da ƙafa. A ƙarshen Agustan 2020 Indiya ta haye duwatsun kudancin tafkin da ke kallon sansanin Sin na Moldo, abin da ya ba ta abin ciniki, aka janye daga ɓangarorin biyu a Fabrairun 2021. Janyewa daga Gogra, wani wuri a bakin layin, ta biyo baya a Agustan 2021, wurin sintiri na 15 a Satumban 2022, sai Depsang da Demchok a yarjejeniyar 21 ga Oktoban 2024, kwana biyu kafin Narendra Modi da Xi Jinping su gana a birnin Kazan na Rasha.

Hujjar kowa, da zancen ma'adinai

Indiya na kafa hujja da yarjejeniyar 1842, da takardun haraji da na safiyo na masarautar Kashmir, da cewa masarautar ta shiga Indiya a 1947 da duk ƙasarta. Sin na cewa ba a taɓa shata iyakar ba, makiyayan Xinjiang da masu haƙar gishiri sun daɗe suna shiga yankin, kuma ita ta gina shi take gudanar da shi. Pakistan ta daidaita da Sin tun 1963, inda aka bar wa Sin kwarin Shaksgam, kusan murabba'in kilomita 5,180 ta arewa maso yamma, yarjejeniyar da Indiya ba ta amince da ita ba.

Ma'adinai akwai. An gano babban ma'adinin dalma da tutiya a Huoshaoyun, da lithium a wajen Dahongliutan. Amma an gano su ne shekaru da dama bayan yaƙin. Sun ƙara wa Sin dalilin zama, ba su ne suka kawo ta ba.

Wa ke ji a jikinsa?

Makiyayan Changpa na ƙauyuka irin Chushul, Phobrang da Demchok su ne na farko. Rayuwarsu ta rataya ne kan yak, tumaki da awakin da ake samun gashin pashmina daga jikinsu, kuma kiwonsu na hunturu yana cikin 'yan kwarurukan da iska ba ta kaɗawa sosai, waɗanda su ne ke bakin layin. Duk inda aka janye soja daga 2020 an bar tazarar da ba mai shiga, kuma shugabannin ƙauyukan sun sha kokawa cewa tazarar ta cinye musu makiyaya. Wani rahoto da wata babbar jami'ar 'yan sandan Leh ta gabatar a farkon 2023 ya ce Indiya ba ta iya kai wa 26 daga cikin wuraren sintiri 65 da ke tsakanin mashigin Karakoram da Chumar. Inda soja bai je ba, ba a barin makiyayi ya je, kuma inda makiyayi ya daina zuwa, hujjar mallaka ta ragu.

Sauran jama'a ta wata fuska abin ya same su. Makonni biyu bayan Galwan Indiya ta haramta manhajojin Sin 59, har da TikTok. Jiragen fasinja kai tsaye tsakanin ƙasashen sun tsaya na shekara biyar, sai a Oktoban 2025 suka dawo, kuma a shekarar ne aka sake buɗe wa mabiya addinin Hindu ziyarar dutsen Kailash. Kowane ɓangare ya girke dubun-dubatar sojoji a tsayin da kowace jarkar kananzir sai an hau da ita.

Yarjejeniyar 2024 ta shafi sintiri ne a Depsang da Demchok, ba ta taɓa batun iyakar ba. Aikin da ke gudana a ƙasa kuwa na hanyoyi ne. Sin ta sa wata sabuwar hanya, G695, cikin tsarinta na 2022, wadda za ta bi kusa da layin fiye da G219, tana kuma shirin shimfiɗa layin dogo daga Hotan zuwa Tibet. Indiya na haƙa ramin mota a ƙarƙashin Zoji La don Leh ta daina yankewa da hunturu, tana kuma fasa hanya ta biyu zuwa Daulat Beg Oldi daga Sasoma a kwarin Nubra, ta kan Saser La, tsohuwar hanyar fatake ta bazara, wadda ba a hango ta daga duwatsun Galwan.